Yaushe Zan Haihu? Yadda Ake Lissafin Ranar Haihuwa

Assalamu alaikum, 'yan uwana mata. Duk wadda ta je awon ciki karon farko, ungozoma za ta buɗe kati, ta ɗauki biro, ta ce: "Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?" A nan mata da yawa ke yin shiru suna kallon sama, alhali a kan wannan amsar lissafin gaba ɗaya ya rataya.

Ki lura da kyau, ranar da jinin ya fara zuwa ake nufi, ba ranar da ya ɗauke ba. Daga wannan rana ake ƙirga kwana 280, wato mako 40. Akwai hanya mai sauƙi da ake dangantawa da wani likitan haihuwa Bajamushe, Franz Karl Naegele, wanda ya rasu a 1851: ki ƙara kwana bakwai a kan ranar, sannan ki koma baya da wata uku, sai ki ƙara shekara ɗaya. A ce al'adarki ta fara ranar 10 ga Yuni. Ƙara bakwai, 17 ga Yuni. Koma baya wata uku, 17 ga Maris ke nan na shekarar gaba. Wadda kuma ke ƙirga da tsayuwar wata, kwana 280 ya kai wata tara da rabi.

Wata za ta ce, to ai ranar da na fara jini ban ɗauki ciki ba. Gaskiyarki. Ƙwai yakan fito ne bayan kamar mako biyu, daga shigar ciki zuwa haihuwa kuwa kwana 266 ne. An zaɓi ranar al'ada ne saboda ita mace ke gani da idonta.

Sai dai wannan lissafi ya ɗauka cewa kowace mace na ganin al'ada duk kwana 28, kuma ba haka abin yake ba. Idan taki kwana 35 ce, ƙwanki na makara, don haka sai a ƙara mako guda. Idan kuwa al'adarki ba ta da tsayayyen lokaci, ko kin samu cikin kina shayarwa jini bai dawo ba, ko kin daina maganin tazarar haihuwa ke nan, to lissafin kalanda ba zai yi miki amfani sosai ba.

Nan ne hoton ciki yake da rana, kuma ina so ki riƙe wannan da hannu biyu: na farkon ciki shi ya fi faɗin gaskiya. Kafin mako 14, ana auna ɗan tayi daga kai zuwa mazauni, kuma a wannan lokaci girman 'yan tayi kusan ɗaya yake, shi ya sa kuskuren bai cika wuce kwana biyar zuwa bakwai ba. Da ciki ya tsufa, wani jariri ƙato, wani ɗan ƙarami, sai kuskuren ya kai har mako uku. Saboda haka idan hoton wata takwas ya ba ki wata rana daban, kada hankalinki ya tashi, ba a cika sauya ranar da hoton farko ya bayar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara awo cikin makonni 12 na farko, a kuma yi hoto kafin mako 24.

Tef ɗin da ake ɗorawa a kan cikinki ma yana taimakawa. Wajen mako 20 saman mahaifa ke kaiwa cibiya.

Ranar da aka rubuta miki a kati kintace ce. Jarirai huɗu zuwa biyar kacal cikin ɗari ke zuwa a ainihin ranar. Daga mako 37 zuwa 42 duk lokacin haihuwa ne, wanda ya zo kafin 37 shi ne bakwaini. Amma idan kin shiga mako 41 shiru babu naƙuda, kada ki zauna jira a gida, domin mabiyiya na iya fara gazawa wajen ciyar da jariri. Ki koma asibiti a duba, ƙila a taso miki da naƙuda. In kuma kika ga jini, ko faya ta fashe, ko motsin jariri ya ragu, ki tafi nan take, ko da sauran makonni a lissafi.