Daƙiƙa 17 na Franco Harris sun cinye min sati biyu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, yau dai muna cikin ɗakin ƙasa, kun ga na toshe tagar nan da baƙin bargo, ba sanyi ne ya sa ba duk da ana zuba shi a Pitsbag ta Amurka yanzu. Haske nake gudu. Idan rana tana shigowa ta taga, hoton da ka ɗauka ƙarfe goma da na goma da kwata ba za su zo iri ɗaya ba, in ka haɗa su sai fim ya riƙa ƙyaftawa kamar wutar da za a ɗauke. Shi yasa fitila biyu kawai nake kunnawa, su ma na ɗaure su da salatif kar su gusa.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, wannan aikin sitop moshin ake ce masa, wato ka ajiye 'yar tsana ka ɗau hoto, ka ɗan matsar da hannunta kaɗan ka ƙara ɗauka, haka haka har hotunan su taru, in aka jera su da sauri sai ka ga tana tafiya da kanta. Ni hoto 12 nake yi wa kowace daƙiƙa, da wayata da manhajar Stop Motion Studio, tana nuna maka inuwar hoton baya a kan na yanzu, da ita kake gane ko ka wuce gona da iri.

Toh me nake haɗawa? Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin garin nan ya ga mutum-mutumin wani ɗan wasa mai lamba 32 ya sunkuyo zai cafe ƙwallo dab da ƙasa. Ranar da na iso ban san ko waye ba, na dai ja akwatina na wuce. Sai daga baya wani dattijo da muke aiki tare ya zaunar da ni lokacin hutu ya ba ni labarin, wallahi idonsa har ya kawo ruwa, shi ne abin ya shiga raina.

Ranar 23 ga Disamba 1972 ce, Steelers na garin nan da Raiders na Oakland, a filin Three Rivers wanda yanzu ma babu shi, an rushe shi a 2001. Ƙwallon Amurka fa nake magana, wadda ake runguma a hannu a ruga, mai siffar gwanda, ba tamu ta ƙafa ba. Ana ba ka dama huɗu ka ci yadi goma gaba, in ka kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Steelers na baya da ci 7 da 6, saura daƙiƙa 22, kuma damarsu ta huɗu ce, ta ƙarshe kenan. Terry Bradshaw na Steelers ya zille wa masu son kayar da shi ya wurga wa ɗan ƙungiyarsu John Fuqua ƙwallon, sai Jack Tatum na Raiders ya zo ya bangaje shi daidai lokacin da ƙwallon ta iso, ta yi tsalle ta dawo baya, kowa ya ɗauka an gama, kawai sai ga Franco Harris na Steelers, mai lamba 32 ɗin nan, ya kwashe ta kafin ta taɓa ƙasa ya bi gefen fili har gidan Raiders ya ci. Aka tashi 13 da 7. Immaculate Reception suke kiran abin har yau.

Agogo ya tashi daga 22 ya tsaya a 5, daƙiƙa 17 kenan, a lissafina hoto 204. Amma na riga na haura 400 saboda na ɗauke shi ta kusurwa biyu, ga kuma ranar Talata gwiwata ta bugi ƙafar tebur 'yan wasa tara suka zube, hoto arba'in da wani abu suka tafi a banza, na zauna shiru na ɗan lokaci kafin na sake jera su.

Ku matso ku ga filin. Koren kyalle ne na shimfiɗa a kan katako na ja layukan da farin fenti. Ƙwallon da laka na murza ta, kuma nan ne hannuna ya tuna gida, don muna yara in damina ta sauka mukan ɗebo laka a bakin kududdufi mu gina shanu da dawakai mu shanya, wa ya san zai yi min rana a Amurka. Siririyar waya ce ke riƙe ta a sama, daga baya sai in bi hoto ɗaya-ɗaya ina goge wayar, wannan shi ya fi cin rai.

Amma inda na fi daɗewa shi ne wajen karon nan. A dokar wancan lokacin, in ƙwallon Fuqua kaɗai ta taɓa, to Harris ba shi da ikon cafe ta, in kuwa ta taɓa Tatum to halal ce. Alƙalin wasa sai da ya je ya buga waya kafin ya ɗaga hannu alamar an ci. Fiye da shekara 50 ana musu, mutanen Raiders na cewa an zalunce su, kuma bidiyon da ake da shi bai raba gardamar ba, har ƙasan ƙwallon lokacin da Harris ya kama ta ba a gani sosai. To ni da 'yan tsana a hannuna dole in ajiye ƙwallon a wani wuri, ko kafaɗar wannan ko ƙirjin wancan, kun ga na zama alƙali kenan ba tare da an naɗa ni ba. Na kwana biyu ina juya abin. A ƙarshe na sauko da kyamara ƙasa ta bayan Fuqua yadda jikinsu biyu zai rufe ƙwallon a hotuna uku na karon, don a ganina ba ni da hurumin nuna abin da kyamarar 1972 ba ta nuna ba.

Harris ya rasu a Disambar 2022, saura kwana kaɗan a yi bikin cika shekara 50 da wannan wasa. Dattijon nan shi zan fara nuna wa in na gama, na yi masa alkawari. Yanzu saura inda Harris ke ture Jimmy Warren na Raiders da hannu a bakin layi, hoto kamar 30, bari in gyara fitilar nan ta hagu mu ci gaba.