Tsibiran Chagos: An Shafe Su A Takarda Kafin A Kwashe Su A Jirgi

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, sannunku da jure zafin ranar nan. An ce in yi magana kan rigingimun yankuna da yadda manyan ƙasashe ke yi da ƙananan al'ummu. Filin yana da faɗi, don haka zan kama wuri guda in tsaya a kai, wato tsibiran Chagos.

Wanda ya taɓa jin sunan ya ɗaga hannu. To, ba ku kai biyar ba. Diego Garcia fa? Yauwa, hannuwa sun ƙaru, domin daga can jiragen yaƙin Amurka suka riƙa tashi suna yi wa Iraƙi da Afganistan ruwan bama-bamai. Shi ne babba a cikin tsibiran Chagos, can tsakiyar Tekun Indiya. Sansanin kowa ya san shi, masu gidan ne ba a sani ba.

Masu gidan jikokin bayi ne da Faransawa suka kwaso daga Madagaska da Mozambik tun ƙarshen ƙarni na 18, don aikin gonakin kwakwa. A 1814 Ingila ta karɓe wurin, ta riƙa mulkarsa a haɗe da Mauritius. Nan aka haifi mutanen, nan suka binne kakanninsu, suna da harshensu da cocinsu da kwale-kwalensu na kamun kifi.

Sai Amurka ta ga tsibirin ya yi mata, amma tana son sa babu kowa a ciki. A 1965, saura shekara uku Mauritius ta samu 'yanci, Ingila ta yanke Chagos daga jikinta, ta ba ta fam miliyan 3. A 1966 ta ba Amurka aron wurin na shekara 50, ita kuma aka yi mata rangwamen dala miliyan 14 a cinikin makamai masu linzami na Polaris.

Ku saurara da kyau a nan, don nan ne gizo ke saƙar. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce duk mai riƙe da yankin da ke da mazauna na dindindin, sai ya riƙa ba da bahasi a kansu. To ya za a yi? Sai jami'an Landan suka zauna suka shirya cewa ai babu 'yan ƙasa a Chagos, leburorin kwantiragi ne kawai da suka zo ci-rani. Mutumin da kabarin kakan kakansa ke bayan gida, da alƙalami aka mayar da shi baƙo. Wani babban jami'i, Denis Greenhill, har ya rubuta a 1966 yana lissafa su tare da tsuntsayen tsibirin, yana kwatanta su da mutanen daji na cikin labaran Turawa. Ba ƙage nake yi masa ba, takardun sun fito a kotu.

Daga nan sai aiki ya biyo baya, sannu a hankali. Ka je Mauritius ganin likita, ka zo sayen tikitin komawa, a ce maka babu jirgi, an sayar da tsibirinku. Aka rage kai abinci da magani. Sannan aka zo kan karnuka. Aka tattara su aka zuba a rumfar da ake busar da kwakwa, aka rufe, aka jona hayaƙin motoci, masu su na tsaye, yara na kuka. Wanda ya ga haka ba sai an yi masa fassara ba, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi. Tsakanin 1968 da 1973 aka kwashe mutum wajen 1,500 zuwa 2,000, kowa da ɗan abin da hannunsa zai iya ɗauka, aka sauke su a bakin tashar jiragen ruwa a Port Louis, babban birnin Mauritius, da kuma Seychelles, ba gida ba sana'a. Suna da kalma a harshensu, sagren, wato baƙin cikin raba mutum da ƙasarsa. Su dai sun ce shi ya kashe da yawa daga cikinsu.

Ba su kwanta ba. Olivier Bancoult, wanda aka raba da tsibirinsu yana ɗan yaro, ya kai gwamnatin Ingila ƙara a kotunta, ya kuma yi nasara a 2000. A 2004 gwamnati ta bi ta bayan gida, ta fitar da umarni da sunan Sarauniya ba tare da majalisa ta tattauna ba, ta sake haramta komawa. A 2008 kotun ƙoli ta lokacin ta goyi bayan gwamnati, alƙalai 3 da 2.

A 2019 Kotun Duniya da ke Hague ta ce yanke Chagos ya saɓa doka, alƙalai 13 da 1, ɗayar nan kuwa Ba'amurkiya ce. Babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya bi sahu da ƙuri'a 116 da 6, ya ba Ingila wata shida ta fice. Wata shida ya wuce, ko gezau. Ku tuna wannan kotun ce ta yanke hukuncin Bakassi a 2002, Najeriya ta haɗiye ta miƙa wa Kamaru a 2008. Lauyoyi za su ce namu hukunci ne, nasu shawara ce, kuma gaskiyarsu. Ni dai abin da na lura, mai kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu shi ke zaɓar ranar da zai ji kira.

A watan Mayun 2025 Ingila da Mauritius suka sa hannu kan yarjejeniya: mulki zai koma ga Mauritius, sansanin zai ci gaba da zama na shekara 99, Ingila za ta riƙa biyan haya kimanin fam miliyan 101 a shekara. Wasu 'yan Chagos sun yi murna, wasu sun ce an sake cinikinsu ba a tambaye su ba. Yarjejeniyar ta tanadi buɗe ƙofar komawa ƙananan tsibiran, amma ban da Diego Garcia.

Na ga shugaban taro yana nuna mini agogo. Bari in ƙara abu guda. A 2006 an bar mutum kusan 100 sun je ziyara ta 'yan kwanaki. Suka tarar daji ya cinye maƙabartunsu, suka sa hannu suka yi ta sharar kaburbura, suna ƙoƙarin gane na wane ne wannan, na wance ne wancan, har lokaci ya cika aka ce su koma jirgi. To, mai tambaya ya ɗaga hannu.