Fitilar fakin ta ƙi kamawa: ƙirga waɗanda suka mutu kafin ka taɓa waya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau aikinmu a kan fitilar fakin ne, waɗannan ƙananan fitilun da ke kamawa idan ka murɗa makunnin fitila mataki na farko, kafin manyan na gaba su kama. Direbobi da yawa sun raina su, amma su ne ke nuna wa na bayanka cewa akwai mota a gabansa da magariba ko cikin hazon hunturu, kuma su ne 'yan Road Safety da VIO ke leƙawa idan sun tsayar da kai da dare.

Ga Corolla nan a gabanmu, mai ita ya ce fakin ba ya kamawa. Kafin mu ɗauko filaya ko sukundireba, kai yaro, shiga ka murɗa makunnin sau ɗaya. Yawwa, bar shi haka. Mu kuma mu zaga motar mu ƙirga.

Ku sani, a yawancin motoci fitilar fakin ba ita kaɗai ce a layinta ba. Layi ɗaya ne ya ɗauko biyun gaba, da jajayen baya guda biyu, da 'yan fitilun lambar mota, da hasken dashbod. Saboda haka wanda ya mutu da wanda ya rage su ne za su gaya maka inda ciwon yake. Idan ƙwai ɗaya ne tak ya mutu, sauran na ci, to babu ruwan fis, babu ruwan makunni, matsalar tana wannan kusurwar: ƙwan, ko soket ɗinsa, ko wayar as ɗinsa, wato wadda aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. Idan duka suka mutu har da dashbod, ƙwai shida ba sa haɗa baki su ƙone rana ɗaya, sai ka nufi fis, rile (ɗan akwatin da ke sakar wa fitilun wuta idan an murɗa makunni) da makunnin kansa. Idan kuwa ɓangare guda ne ya mutu, a ce hagu gaba da baya, dama na ci, to ka tambayi kanka wace mota ce. Motocin Jamus irin su Golf da Passat sukan raba fis ɗin fakin gida biyu, na hagu daban na dama daban, don haka fis ɗaya ya ƙone sai gefe guda ya yi duhu.

A nan kun gani, gaba babu, baya babu, lamba babu, dashbod ma duhu. To, fis muka nufa.

Matso da kyamarar nan ƙarƙashin sitiyari. A Toyota rubutun da za ka nema a murfin akwatin fis shi ne TAIL. A Honda sau da yawa SMALL LIGHT za ka gani. Launin fis kuma yana gaya maka ƙarfinsa ko da lambar ta goge: ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Na wannan motar shuɗi ne.

Ba na cire fis in ɗaga shi sama ina kallo, ido yana yaudara. Ga fitilar gwaji, na maƙala kilif ɗinta a jikin wannan notin da ba shi da fenti. A bayan kowane fis akwai 'yan ƙarafa biyu da suka leƙo. Na taɓa na farko, ta kama. Na taɓa na biyu, shiru. Wuta na shiga, ba ta fita, fis ya ƙone ke nan. Da duka biyun sun kama, fis lafiya lau. Da kuma duka biyun sun yi shiru alhali makunni na kunne, to wutar ba ta ma iso nan ba, sai mu koma wajen rile da makunnin jikin sitiyari. Gwajin rile ba wuya: ka ɗora yatsa a kansa, wani ya murɗa makunni, za ka ji ƙas. In babu, ka musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin ka gani.

To yanzu mun samu fis ya ƙone. A nan ne mafi yawan mutane ke ɓata aiki. Wani ya sa sabo ya tafi, kafin ya kai gida ya sake ƙonewa. Wani ya ce shuɗin ya yi ƙanƙanta, ya cusa kore. Wani ma ya naɗa siririyar waya ko takardar sigari mai ƙyalli ya tura. Ku yi lissafin da kanku. Ƙwan fakin wat 5 ne. Guda shida, wat 30 ke nan. A kan volt 12, wannan bai wuce amfiya biyu da rabi ba, ka ƙara ɗan abin da dashbod ke ci. Fis mai ɗaukar 15 ya ƙone a kan kayan da ba su kai 4 ba, ai ba nauyi ne ya yi masa yawa ba, wata waya ce ta goge ta haɗe da bodi. Idan ka toshe wurin fis da waya, abin da zai ƙone na gaba shi ne damin wayarin da ke bayan dashbod, kuma motoci da dama ta haka suka kama da wuta.

Ga dabarar da nake so ku riƙe, don kada ku ƙarar da fis goma wajen nema. Wannan ƙwan sigina ne mai wat 21, na haɗa masa wayoyi biyu. Na cire fis ɗin da ya ƙone, na soka wayoyin a ramukansa biyu. Yaro, kunna. Kun ga yadda ya haska tar? Wannan hasken yana nufin wuta na zurarewa kai tsaye zuwa bodi, amma ƙwan ya tare ta, babu wayar da za ta yi zafi. Yanzu sai mu bi layin muna cire soket ɗaya bayan ɗaya, ido a kan ƙwan. Duk inda muka cire hasken ya dushe sosai, to ɓarnar na wannan reshen.

Na cire soket ɗin gaba na hagu, yana nan tar. Na dama, haka. Mu je baya. Buɗe but. Kun ga yana ɗagawa hasken ya yi rawa? Saukar da shi. Ɗaga kuma. To ga ta nan. Matso ka nuna musu. Wayoyin fitilar lamba suna bi ta jikin wannan hannun da ke ɗaga murfin but, kullum ana buɗewa ana rufewa, suna lanƙwasa a wuri ɗaya shekara da shekaru. Kalli wannan, robarta ta tsage, jan ƙarfen ya fito, ga ma baƙin tabo a jikin fenti inda take ta tartsatsi. Za mu yanke wurin, mu ƙara waya mai ɗan tsawo don ta samu sakewa, mu yi mata dalma, mu rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Naɗin tef kawai ba ya daɗewa a nan, zafin rana yana sa shi ya saki.

Da ba mu same ta a but ba, wuri na biyu da zan duba shi ne bayan rediyo. Idan mai mota ya ce matsalar ta fara ne bayan an sa masa sabon rediyo ko allon kallo, kada ka wahalar da kanka. A cikin wayoyin rediyon asali akwai ta hasken dashbod, kuma idan fitila na kashe, mitar awon wuta kan nuna ta kamar as, saboda ta ratsa cikin ƙwayaye ta sauka bodi. Mai haɗawa sai ya ɗaure as ɗin rediyo a kanta. Da rana komai lafiya, kiɗa na tashi. Magariba na yi, aka murɗa fitila, fis ya tafi. Haka kuma a duba duk wani ado da aka ƙara, irin fitilun nan masu launi na ƙarƙashin bamba da ake satar wa wuta daga layin fakin.

Yanzu bari mu koma kan ƙwai ɗaya da ya mutu, tunda shi ya fi yawa. Na gaba a motoci da yawa ɗan ƙarami ne mara hular ƙarfe, ana kiransa T10 ko W5W, idan ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka faɗi haka za a ba ka. In gilashinsa ya yi baƙi, ya gama. In ka sa irin na LED bai kama ba, kada ka ce jabu ne tukuna, cire shi ka juya shi, da yawansu ta fuska ɗaya kawai suke karɓar wuta.

Na baya shi ne mai rikici, domin ƙwai ɗaya ne mai zare biyu a ciki: siririn wat 5 na fakin, mai kaurin wat 21 na birki. Shi ya sa za ka ga birki na kamawa, fakin babu, a ƙwai guda. Irin mai hular ƙarfen yana da ɗigo biyu a gindi, kuma 'yan kunnuwansa biyu ba a tsayi ɗaya suke ba, don kada ya shiga a juye. Amma akwai masu ƙarfin hannu. Sai a ɗauko mai ɗigo ɗaya a danna shi da ƙarfi cikin soket mai biyu, ɗigon ya haɗe layin birki da na fakin. Alamarsa ba ta ɓuya: ka taka birki, dashbod ya haska, ƙananan fitilun gaba su kama. Duk wanda ya kawo maka wannan ƙorafin, ka cire ƙwayayen baya ka duba gindinsu kafin komai.

Sai as. Idan fakin na ci, aka taka birki ya mutu, ko aka ba da sigina jar fitilar ta riƙa ƙyaftawa tare da ita, wutar ce ta rasa hanyar komawa bodi take bi ta cikin maƙwabta. Galibi ruwan damina ne ko na wankin mota ya shiga ta tsagaggen gilashi, soket ya yi kore-kore, ko notin as ya yi tsatsa. Gwajinsa: fitila na kunne, ka sa mita a kan volt, baki ɗaya a kan wayar as ta soket, ɗayan a kan tsaftataccen ƙarfen bodi. Ya kamata ka ga kusan sifili. In ka ga volt ɗaya ko fiye, kwance notin, goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ka mayar ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris.

Gargaɗi ga masu taɓa sababbin motoci: da yawansu makunnin ba ya ɗaukar wutar fitila da kansa, saƙo yake aika wa kwamfutar bodi, ita ke kunnawa, wasu ma ba su da fis ɗin fakin ko kaɗan. A irinsu kada ka riƙa soka fitilar gwaji mai ƙwai a kowace waya, yi amfani da mita, in da hali a sa na'urar karanta kwamfuta.

Akwai kuma wanda zai zo ya ce nasa fakin ƙin mutuwa yake, ya cire makulli amma gefe ɗaya na ci har batir ya yi sanyi. In Golf ce ko Opel ko BMW, leƙa sandar sigina tukuna. An ƙera su ne haka: ka kashe mota ka bar sandar a hagu, fakin ɗin hagu gaba da baya zai kwana a kunne, don mai ajiye mota a bakin titi da dare. Mayar da sandar tsakiya, ya mutu. In kuwa duka huɗun ne suka ƙi mutuwa, zare rile. Suka mutu, ka sa wani irinsa ka gani: in sun zauna a kashe, tsohon rilen ne ya manne. In suka sake kamawa da sabon, makunnin sitiyari ne ke riƙe da shi, sai a kwance murfin a gwada shi.