Ka iya haɗa shafin intanet a Legas, amma me za ka nuna wa kwastoma?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bidiyon naku ne, matasan da suka iya haɗa shafin intanet a nan Legas amma har yau ba mai kira.

Ɗan'uwa, ka iya kayan haɗa shafi irin su HTML da CSS, ka taɓa JavaScript, wataƙila har React. Madalla. Sai dai Alhajin da ke sauke tirelar albasa a kasuwar Mile 12 bai san React ba, kuma ba ya neman ya sani. Tambayarsa ɗaya ce: "Wa ka taɓa yi wa? Nuna min." Gani ya kori ji. Saboda haka kana bukatar shafinka na kanka, inda za ka baje ayyukan da ka yi.

Ayyuka uku masu kyau sun isa. Amma don Allah cire kalkuletan nan da ka kwaikwaya daga darasin YouTube, duk wanda ya kalli darasin yana da irinsa.

To ina za ka samo aikin gaske alhali ba a san ka ba? Duba kusa da kai. Akwai tela a Agege mai aikin babbar riga, akwai Islamiyya a Idi-Araba, akwai mai kilishi a Obalende da ke aika kaya har Lekki. Gwanayen Yaba, unguwar 'yan fasahar kwamfuta, sun fi ka kayan aiki, amma yawancinsu ba za su iya zama a kan benci su gaisa da Alhaji da Hausa, su ji ainihin damuwarsa ba. Kai za ka iya. Yi masa aikin da sauƙin kuɗi, bisa sharaɗin zai bar ka ka nuna shi a shafinka, ya kuma faɗi kalma biyu a kanka. Idan kuwa shafin na gwaji ne, babu mai shi, to rubuta cewa na gwaji ne. Legas da girma, amma 'yan kasuwarmu sun san juna, ƙarya ba ta kwana.

Ga inda da yawa ke yin sakaci: su manna hoton shafi kawai su wuce. A'a, ba da labarin aikin a taƙaice. Misali telan nan. Kullum ana tambayarsa farashi a WhatsApp, yana tura hotuna ɗaya bayan ɗaya, ga keken ɗinki na jiransa. Ka yi masa shafi guda: hotunan ɗinki, farashi a ƙarƙashin kowanne, da maɓalli kore. Mai saye na dannawa sai WhatsApp ya buɗe da saƙo a rubuce, "Ina son wannan rigar." Wannan labarin ne wani ɗan kasuwa zai karanta ya ce nima irin shafin nake so. Kada ka ƙirƙiri lissafi wai ciniki ya ninka, sai in mai shagon ne ya faɗa da bakinsa.

Yanzu ajiye laftof. Kwastomanka a waya zai buɗe shafin, ƙila ƙaramar itel ko Tecno, yana cikin danfo a cunkoson Oshodi, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Hoto ɗaya mai nauyin megabait 4 ya isa ya sa ya rufe. Rage hotunan, mayar da su WebP, wato nau'in hoto mara nauyi, sannan ka auna saurin shafin da PageSpeed Insights na Google, kyauta ne. In ka yi rubutu da Hausa, duba ɓ da ɗ da ƙ, don wasu samfuran haruffa akwati suke nunawa a madadinsu.

Wurin ɗora shafin ba sai ka biya ba, GitHub Pages da Netlify suna da tsarin kyauta. Adireshi ne ya kamata ka kashe wa kuɗi: sayi mai .com.ng daga dillalan da NiRA, hukumar da ke kula da adireshin .ng, ta amince da su, da sunanka a jiki. A ɗaya daga cikin ayyukan, nuna ka iya haɗa biyan kuɗi. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet na nan Legas da kamfanin Stripe ya saya a 2020, yana da tsarin gwaji da za a ga yadda ake biya ba tare da ko kwabo ya fita ba.

Masu neman aikin waje a Upwork ko Fiverr, ku yi shafin da Turanci mai tsabta, ku sa hanyar GitHub, inda ake ajiye kod, don masu ba da aiki a can suna duba shi.

Lambar wayarka ta zauna a sama, inda ido zai fara sauka, kada a yi ta nema. In an turo saƙo kuma ka amsa a ranar. A bidiyo na gaba za mu yi maganar farashi, da nawa ya kamata ka karɓa kafin alƙalami. Sai mun haɗu.