Ranar da usur ɗina ya ci amanata a Gana

(Lacca ce da aka yi wa ɗaliban sashen koyar da wasanni, aka naɗa a waya, muka kwafo ta yadda aka faɗa.)

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban taro, malamaina na gaba, ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? A'a kar ku amsa, ɗaga hannu ya isa, ai yau ranar hannu ce.

An ce in ba ku labarin wata tara da na yi ina aikin sa kai a wata makarantar kurame ta kwana a arewacin Gana, ina malamin wasanni. Abu huɗu na rubuto a 'yar takardar nan: yadda na je, yadda ake koyarwa, wasannin kansu, sai shirin da mutum zai yi in shi ma yana son zuwa. Na farkon ba tsawo. Gana ƙasar ECOWAS ce, ba biza, fasfo ne da katin rigakafin shawara, na bi mota ta Legas, Kwatano, Lome, Akra, Kumasi, har Tamale, bayana ya faɗa min gaskiya. Duk zangon da na sauka da Hausa na sayi waake, da Hausa na tambayi masallaci, sai na ce a raina ai ni na gama da matsalar yare, ga Hausa ga Turanci. Ashe inda za ni ko ɗaya ba ta da kasuwa.

To ga na biyu, kuma ku yi haƙuri nan zan daɗe. Litinin ta farko na fito da wandon wasanni sabo fil, kambas fari, usur a wuya. Kun san mu malaman wasanni da usur, kamar ɗan sanda ne da kulki, in babu shi jinmu muke tsirara. Yara wajen arba'in sun watse a fili suna ta guje-guje. Na cika kumatu na busa. Ba wanda ya waiwayo. Na sake busawa har jijiyar wuyana ta miƙe. Wallahi mutum ɗaya ce ta amsa, mai dafa abincin makarantar, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu tana tambaya ko lafiya. (dariya) Ni fa na san makarantar kurame na zo, an rubuta min a takarda, amma hannu ya riga kai. Sai wata 'yar aji biyar ta zo ta ja min riga, ta nuna kunnenta, ta girgiza kai, tana kallona da tausayi irin wanda ake wa baƙo da ya yi ɓatan kai a kasuwa.

Kafin azahar na samu suna. Su kurame ba sa tsayawa harhaɗa baƙaƙen sunanka kullum, alama suke yi maka da wani abu da suka gani a jikinka, kuma su ke raɗawa, ba kai ke zaɓa ba. Nawa shi ne, ku duba nan, yatsu biyu a baki a kumbura kumatu. Har na taho ba a canza ba.

Abin da usur ɗin nan ya koya min shi ne kunne ba shi da gaba ba shi da baya, ido kuwa gaba kawai ya sani. Ni duk koyarwata a kan kunne na gina ta ban sani ba. Yaro ya ba ka baya ka daka masa tsawa ya juyo. A can in yaro bai kalle ka ba, to babu kai, ka bar duniya. Akwai wani ɗan rigima, ina masa faɗa da 'yar alamar da na iya sai kawai ya rufe idonsa. Shi ke nan ya kashe min waya. Me za ka yi? Ka yi ta karkaɗa hannu kai kaɗai kamar mai korar ƙuda.

Sai na sayo jan ƙyalle yadi ɗaya na ɗaura a sanda. Muka yi doka, duk wanda ya ga ƙyalle a sama ya tsaya cak ya ɗaga hannu biyu, na kusa da shi ya gani shi ma ya ɗaga, wanda bai gani ba a taɓa kafaɗarsa, kafaɗa fa, ba kai ba, ba kuma jifa da tsakuwa. Kafin ka ƙirga biyar fili ya tsaya. A ƙwallon kurame ta duniya ma alƙalin wasa da tuta yake yawo a hannu. Sannan ba ka tsayawa rana tana bayanka, don fuskarka za ta zama inuwa, kuma rabin maganar a fuska take, gira da baki da kumatu. Ba ka jera su layi-layi, sai dai kamar jinjirin wata, kowa na ganin kowa. Kuma in ka riƙe ƙwallo da hannu biyu ka toshe bakinka kenan, dole ka ajiye ta ƙarƙashin ƙafa. Wanda ya fi ba ni wuya, mu mun saba muna nunawa muna bayani lokaci guda, "kalli ƙafata, ka ga ta ciki nake bugawa". Yaro ba shi da ido huɗu. Ko ya kalli hannunka ko ya kalli ƙafarka. Sai ka yi bayani, ka nuna ƙafar, ka buga, ka jira idanu su dawo, sannan ka ci gaba.

Amma fa ku zo ku ga ƙwallo. Tunda ba mai ce maka "ga shi nan bayanka", kowane yaro kafin ƙwallo ta iso shi ya waiga hagu ya waiga dama. Abin da muke shekara muna roƙon 'yan wasanmu su yi, su a jininsu yake. Kai wannan ya tuna min, kun san yadda 'yan ƙwallon Amurka, ta hannun nan mai hular kwano, suke haɗa kai a zagaye kafin wasa? A Gallaudet aka fi danganta farkonsa, jami'ar kurame ta Washington, a shekarun 1890, wani ɗan wasa Paul Hubbard ya ga abokan karawa suna karanta musu hannu daga nesa, ya ce a zagayo a rufe. Sirri a maganar hannu sai da bango, bangon kuwa jikin abokanka ne.

Kuma daga Gallaudet ɗin nan Andrew Foster ya fito, baƙar fata kurma, ya gama a 1954, ya zo Gana a 1957 shekarar da suka samu 'yanci, ya buɗe makarantar kurame a Akra, daga baya ta koma Mampong, ya zo Ibadan a 1960, makarantu 32 a ƙasashe 13 kafin ya rasu a haɗarin jirgi a Ruwanda a 1987. Shi ya sa maganar hannun makarantun Gana da ta Najeriya 'yan ɗaki ɗaya ne, duk daga ta Amurka suka tsiro.

Ina muke? Na uku ko? To wasanni. 'Yan mata ampe suke yi, wasan Gana ne, a yi tsalle a tafa a miƙo ƙafa, su ba ruwansu da ƙarar tafin, kafaɗar abokiya suke karantawa, sun cinye ni ba adadi. Ni kuma na kai musu langa. A nan na yi abin kunya. Wani yaro da ya kama ƙafa ɗaya sai ya zube, ya tashi ya zube, na yi masa alamar rago a gaban kowa. Da yamma wani malami, shi ma kurma ne, ya ja ni gefe ya rubuta min a takarda cewa sanƙarau ne ya kurumtar da yaron. Can cikin kunne inda ake ji, nan kuma abin da ke daidaita tsayuwar mutum yake, ciwon yakan taɓa duka biyun, irinsu da ido suke riƙe jikinsu, shi ya sa in duhu ya yi tafiya ma wuya take musu. Ban yi barci ba ranar. Na mayar da shi gola, kuma ya iya.

Shugaba yana nuna min agogo. Na huɗu a gurguje, ko na biyar ne, oho. Koyi maganar hannu kafin ka tafi. Kar ka je sati biyu don hoto. Tafi da famfo da allurarsa, ƙaya ba ta barin ƙwallo. Ka gaya wa yaran akwai gasar kurame ta duniya tun 1924 a Paris, da fitila ake tada masu tsere, ba sa yarda sai sun gani a waya. Akwai tambaya? Na'am ƙanwata, ɗaga murya.

(Wata ɗaliba: Malam, ni ƙanena kurma ne, kullum yana zaure. Sai da ka je Gana? Nan babu kurame ne?)

Hmm. Kin kama ni. Akwai mana. Makarantar Tudun Maliki tana nan a Kano tun 1977, kuma kuramenmu suna da tasu maganar hannu ta Hausa tun kafin wani Foster. A layinmu na taso da wani, bebe kawai muke ce masa, in za a raba tim shi ne mai ɗauko ƙwallo in ta faɗa kwata. Ban taɓa tambayar ko yana son bugawa ba, sai da wata 'yar aji biyar ta ja min riga na tuna da shi. Shekararsa nawa ƙanen naki? Tara? Yana faɗuwa in ya yi gudu? To ba komai. Asabar da safe muna filin bayan sashenku da yara shida, ki kawo shi. Ki faɗa masa tun daren Juma'a, ki nuna masa ƙwallo ki nuna masa shi, kar ki jawo shi kawai bai san ina za shi ba. Ƙyallen yana jakata. Shugaba, na ji an kira sallah, ko a kashe abin nan?