Gidan Tokugawa Ieyasu, inda aka mai da 'ya'ya jingina

Jama'a masu saurare, kwana biyun nan ina ta ganin samarinmu na yaɗa hotunan samurai, wato mayaƙan Japan na zamanin da, a Facebook, takobi a kugu, wai ga mazaje masu amana masu kishin gidansu. Gaskiya abin ya ishe ni. Wane gidan? Ku zo mu leƙa gidan babbansu, Tokugawa Ieyasu, wanda ya ci yaƙin Sekigahara a 1600 ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja na Japan, a 1603.

A Okazaki aka haife shi, 1543. Ko shekara 2 bai cika ba aka sallami mahaifiyarsa, laifinta kawai ɗan'uwanta ya koma ɓangaren gidan Oda, abokan gabar gidan Imagawa da mijinta ke yi wa biyayya. Yana ɗan ƙanƙane uban ya tura shi jingina wajen gidan Imagawa, a hanya aka karkatar da shi hannun Oda ya yi wajen shekara 2, daga nan sai Sunpu, garin gidan Imagawa, bai samu kansa ba sai 1560. Yaro fa, jingina, kamar gonar da aka ba da a karɓi bashi.

To sai ka ce wanda ya sha wannan ɗacin zai tausaya wa nasa. Ina! A 1579 aka zargi matarsa Tsukiyama da ɗansa na fari Nobuyasu da haɗa baki da gidan Takeda, abokan gabar Ieyasu, aka kashe matar, shi kuma ɗan, mai shekara 20, aka ce ya farke cikinsa da kansa, abin da suke kira seppuku. Wasu masana sun ce Oda Nobunaga, shugaban gidan Oda kuma abokin ƙawancen Ieyasu a lokacin, shi ne ya matsa, wasu sun ce rigimar cikin gida ce, ko ma wanne ne dai uban na raye, mutanensa ne suka aiwatar. Ɗansa na biyu Hideyasu kuma a 1584 ya miƙa shi ga Toyotomi Hideyoshi, babban jagoran yaƙi da suka gwabza da shi a shekarar, da sunan riƙo, amma kowa ya san jingina ce.

Na san masu cewa ai zamaninsu ne, kuma mutumin nan ya kafa mulkin da ya ba Japan zaman lafiya sama da shekara 250. Haka ne, ban musa ba. Amma ni maganar kishin iyali ake min, kar a kawo min zancen mulki.

Jikarsa Senhime ko shekara 7 ba ta wuce ba aka aurar da ita ga Toyotomi Hideyori, ɗan Hideyoshi, a 1603, ita ma jingina, sai dai an yafa mata mayafin aure. A 1615 kakan nan nata ya kewaye ganuwar Osaka da runduna alhali tana ciki, mijinta da surukarta suka kashe kansu, ita aka fito da ita da rai. Ɗan Hideyori kuwa, Kunimatsu, wanda bai wuce shekara 8 ba, sai da suka nemo shi aka kai shi Kyoto aka fille masa kai.