Jawabin Maraba ga Shugaban Kwamitin Majalisar Wakilai Kan Harkokin Zaɓe, Daga Dattawan Nassarawa, Kano

Ranka ya daɗe Shugaba, 'yan tawagarka, masu unguwanni, limamai, iyayenmu mata da sauran jama'a, assalamu alaikum.

Barka da zuwa Kano ta Dabo tumbin giwa. Labarin adalcinka da riƙon amanarka ya riga ka isowa, don haka ba za mu tsaya lissafa su ba. Buƙatarmu ɗaya ce, kuma gara mu faɗe ta tun ba ka ajiye ƙwaryar ruwan maraba ba: muna roƙon a raba mazaɓar tarayya ta Nassarawa gida biyu.

Kano ba baƙuwar wakilci ba ce. A nan aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, daga nan kuma Malam Aminu Kano ya tafi majalisar tarayya a 1959 da ƙuri'ar talakawa. An yi mana jiha a 1967, aka yanki Jigawa daga jikinmu a 1991, amma ƙidayar 2006 ta sake samun Kano a gaban kowace jiha da mutum fiye da miliyan 9. Ƙananan hukumominmu 44 an kasa su mazaɓun sanata uku, Tsakiya da Arewa da Kudu, da mazaɓun wakilai 24 daga cikin 360 na ƙasa. Da yawan kujerun ba mu da ja a yau. Yadda aka kasafta su ne ke ci mana tuwo a ƙwarya.

Ranka ya daɗe, sashe na 49 na tsarin mulkin 1999 ya ce mazaɓu su kusanci juna a yawan jama'a gwargwadon iko. To, a waccan ƙidayar Nassarawa tana da mutum kusan 600,000, Fagge kuwa wajen 200,000, amma kowacce kujera ɗaya gare ta, wato dai ƙuri'ar mutum uku a Gama ko Gwagwarwa ita ce nauyin ƙuri'ar mutum ɗaya a tsallaken titi. Ba ma ƙyashin Fagge, 'yan uwanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci, kuma ba mu ce a taɓa musu kujera ba. 'Yan Ungogo da aka haɗa da Minjibir ma suna da irin wannan kuka, sai dai su za su yi nasu da bakinsu.

Iyakokin da ake zaɓe a kansu tun 1996 aka shata su, zamanin soja, lokacin da wurare da dama a bayan Hotoro da Kawaji gonaki ne. Yau gidaje ne ƙofa na kallon ƙofa. Mu ke ɗauke da masana'antun Bompai da Dakata da kasuwar 'Yankaba, wadda kayan gwarinta ke shiga tukwanen birnin nan kullum. Duk da haka, in an yi hutun majalisa za ka tarar da jama'a sun yi layi a ƙofar wakili tun bayan sallar asuba, wannan da takardar asibiti a hannu, wancan yana neman taransifoma, wata gyatuma ta zo kan magudanar ruwan da ke cinye musu katanga duk damina. Ko wane ne ya hau kujerar, ba ma ganin laifinsa. Kaya ne ya fi ƙarfin ɗan dako.

Mun san sashe na 73 ya ɗora wa hukumar zaɓe sake duba iyakoki bayan aƙalla shekara goma, mun kuma san duk gyaran da ta yi sai majalisar dattawa da ta wakilai sun amince kafin ya fara aiki. Nan ne hannunka ya kai, ranka ya daɗe. Idan kuwa adadin 360 ne ya tare hanya, muna roƙon ka shigar da batun cikin gyaran tsarin mulki, mu kuma za mu bi majalisar jiharmu ƙafa da ƙafa don ta amince da gyaran.

Akwai maganar ƙarin rumfunan zaɓe da wuraren rajista, mun rubuta ta a takardar da sakatarenmu zai miƙa maka. Amma idan jakarka abu ɗaya za ta ɗauka zuwa Abuja, to ta ɗauki kujera ta biyu ga Nassarawa.

Allah Ya ja zamaninka, Ya mai da kai gida lafiya.